Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tsakanin Tashe da Halowin

A ƙarshen watan Oktoban bara ƙanwata da ke aure a Abuja ta turo mini hoton ɗanta a waya. Yaro ne ɗan shekara shida, an sa masa baƙar riga mai zanen ƙasusuwa, haƙarƙari a jere fari fat a ƙirjinsa, yana riƙe da ɗan bokitin roba mai siffar kabewa. Makarantarsu ce ta ce kowane yaro ya zo da shigar Halowin. Da na kira ta na tambaye ta wannan fa, sai ta ce, "Haba Yaya, ai tashe ne na Turawa. Mu ma ba mun yi ba a gidan Inna?" Bayan kwana biyu, a majalisarmu ta bayan la'asar a Dutsin-Ma, na nuna hoton ga wani malami da na yi karatu a gabansa. Ya yi salati, ya miƙo mini wayar, sannan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne mu ma muna da namu a gida. A ganinsa tashe da Halowin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk ragowar jahiliyya ne, gara a kawar da su baki ɗaya.

Mutum biyu ke nan da ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, ita tana son abin, shi yana ƙinsa, amma a kan dutse ɗaya suka taka: wai tashe shi ne Halowin ɗin Bahaushe. Maganar ta yaɗu ƙwarai. Duk shekara sai ta dawo a Facebook, kuma ina jin ta a bakin 'yan bokon da ke neman gajeriyar hanyar bayyana wa baƙo al'adarmu. Ni a ganina kuskure ne, kuma yana jawo mana asara ta fuska biyu. Ba don in ƙure kowa na ɗauki alƙalami ba. Ƙanwata jinina ce, Malam kuwa har gobe a ƙasa nake zama in na je gaishe shi.

Kamannin suna nan, ba zan musa ba. Yara ne a can, yara ne a nan. Da dare ake fita, gida-gida ake bi, ana sauya kama, ana dawowa da abin hannu. Har ma an taɓa yin shekarun da lokutan biyu suka haɗu. A 2004 an ɗauki azumi a tsakiyar Oktoba, don haka daren 31 ga watan ya faɗo a goman tsakiya, tashe na kan ganiyarsa. A wannan daren yaran Amurka na buga ƙofofi suna neman alewa, mu kuma muna zagaya gidajen ƙauyenmu da ke kusa da ruwan Zobe muna neman gero. Wanda ya hango mu daga nesa zai rantse abu ɗaya muke yi. Sai an matso kusa ake ganin kowa da inda ya dosa.

Shi Halowin sunansa ma ya faɗi asalinsa. Jajiberin ranar tunawa da dukan waliyyai ne a kalandar Kiristocin Turai, ranar da ke zuwa 1 ga Nuwamba, washegarinta kuma ranar addu'a ce ga matattu. Masu tarihin al'adun can suna haɗa shi da wani tsohon bikin mutanen Ailan da Sikotilan da ake kira Sawin, wanda ke nuna ƙarshen girbi da shigowar sanyi mai tsanani, lokacin da suka ɗauka cewa shamakin da ke tsakanin masu rai da duniyar ruhohi yana yin sirara. Ana hura manyan wuta, ana ɓad da kama. A Ingila ta da, talakawa kan bi gidaje a ba su waina, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. Da yunwa ta kori mutanen Ailan zuwa Amurka daga 1845, suka tafi da al'adarsu. A gida wata saiwa mai kama da dankali suke rarakewa su sa fitila a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin fafewa. Yawon yara na cewa a ba su alewa ko su yi ɓarna bai zama ruwan dare ba sai a ƙarni na ashirin. Yau kuwa kasuwa ce ta ja ragamarsa, Amurkawa na kashe sama da dala biliyan 10 a kansa duk shekara. Duk da haka ƙashin bayansa bai sauya ba: kabari, fatalwa, mayu, ƙoƙon kai. Wasa ne da ake yi da mutuwa da tsoro a bakin hunturu.

Tashe kuwa daga tashi ya samo suna, tashin mutane su ci sahur. Ba ruwansa da kaka ko bazara, wata yake bi. Azumi na ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, sai ya yi kimanin shekara 33 kafin ya zagayo inda ya baro, tashe kuma na biye da shi. Na yi tashe cikin sanyi, ƙannena sun yi shi cikin marka suna tsallake kwatami, yaran yanzu suna yin sa a bakin bazara. Kuma ba ranar farko ake fara shi ba. Sai goman marmari ta wuce, an shiga goman wuya, jiki ya yi laushi, fuskoki sun fara ɗaurewa, sannan yara ke fitowa bayan shan ruwa su saki ran mutane. Wanda ya sa tashe a wannan gurbi ya san halin mai azumi.

Bari in koma wancan dare na 2004, don har yanzu ina jin ƙanshinsa. An gama yankan gero, dammuna na jingine a tsakar gida ba a kai ga zuba su rumbu ba, ƙaiƙayi na cin wuya. Mu biyar ne. Wanda ya fi mu ƙiba shi muka mayar tsoho. Muka samo audugar da aka tsinko a gonar Baffa, muka liƙa masa a haɓa da ƙaro, muka tura masa tsumma a baya ya yi doro, muka ba shi sandar Kaka da wata yagaggiyar riga. Da muka yi sallama a gidan liman, matan gidan suka ɗaga fitilar ƙwai. Tsohonmu ya shigo yana rawar jiki, yana tari, yana dogara sanda kamar zai kife. Uwargidan ta dube shi ta ce, "Kai, wannan ba ɗan gidan Wane ba ne? Tafiyar kakansa ce sak!" Aka fashe da dariya har liman da ke zaure ya leƙo. Ta auno mana gero a ƙoƙo, ta ce mu gai da Inna.

Wannan magana ta uwargidan liman ita ce hujjata mafi ƙarfi. Ta gane shi, kuma gane shi ɗin shi ne daɗin wasan. Fuskar roba ta Halowin an yi ta ne don ta ɓoye mai ita, ta mayar da shi wani abin da ba mutum ba. Gemun auduga ba ya ɓoye kowa. Kowa ya san ɗan wane ne a ciki, kuma kowa ya san wa ake kwaikwaya. Duba jerin wasannin da kyau. Jatau mai magani boka ne da buhun saiwoyi da ganyaye, yana lissafa cututtukan da yake warkarwa, mutane na dariya don sun san irinsa a kasuwar Laraba. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata ne, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, sauran na koya mata zaman aure a gaban matan auren gaske, waɗanda wani lokaci dariyarsu ke gauraye da tunani. Mai dokin kara ya ɗaura firam na karan dawa, ya lulluɓe da tsummoki masu launi, ya shiga ciki yana sukuwa kamar ɗan sarki ranar hawa. Akwai mai kwaikwayon malamin da ya manta girmansa, akwai mai kwaikwayon baƙon da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Ga kuma gwauro, wanda ake rataya wa ludayi da mara da tsohuwar tukunya a ɗaura masa igiya. A Kano har sarauta ce, Nalako ke farautar gwagware a watan azumi, kuma manya ne ke yi, ba yara ba. Babu mamaci ko ɗaya a cikin jerin nan. Maƙwabta ne, masu rai, da halayensu. Tashe madubi ne da gari ke ɗaga wa kansa sau ɗaya a shekara, kuma a hannun yara ake ba da shi don abin da yaro ya faɗa cikin wasa ba ya zama faɗa. Hannunka mai sanda ke nan. Na san magidancin da matarsa ta yi yaji wata uku yana ta jan ƙafa, amma bai kwana uku ba bayan an tsaya da tashen gwauro a ƙofar gidansa sai da ya tafi biko.

Na san za a ce ai akwai masu shafa toka da gawayi su fito a biri ko a dodo. Gaskiya ne, mu ma mun yi. Har a Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan da ake kira Dodo, inda yara ke sa fuskokin dabbobi na ƙwarya a watan azumi, kuma mutanen can da kansu suna danganta shi ga fataken Hausawa da suka kai shi. Amma dodon tashe ɗan'uwan dodon tatsuniya ne, wanda Gizo ke yi wa wayo. Ana sa shi rawa, ana jan sa da igiya, ana yi masa dariya. Ban taɓa jin wanda ya ce ruhin wani mamaci ne ya dawo ba.

Sai batun abin da ake bayarwa. Kalmar da yaran Amurka ke faɗa a bakin ƙofa, ko da yanzu ta zama wasa, sharaɗi ce: a ba mu, ko mu yi ɓarna. Ɗan tashe sai ya fara ba ka wasa tukuna, sannan ka ba shi abin da ya sawwaƙa, kuma sunan abin sadaka, a watan da kowa ke neman inda zai ajiye lada. In babu, a ce "Allah ya ba da haƙuri," ku wuce gaba. Ba na cewa ba ma jefa wa marowaci habaici in mun fita, muna yi, amma ba mu taɓa fasa tulun kowa ba. Geron da muka tara kuwa Inna ke ajiye mana, in sallah ta matso a sayar a raba, wani ya ƙara a kuɗin hula, wani na takalmi. Wanda ke neman dangin tashe a duniya, gabas ya kamata ya duba. A Katar akwai Garanga'o a daren sha huɗu ga Ramadan, a Kuwait suna ce masa Gargi'an, yara na bin gidaje cikin kayan gargajiya ana ba su alewa da gyaɗa. A Masar akwai musaharati mai bin lunguna da ɗan ganga yana tashin mutane sahur. Waɗannan su ne 'yan ɗakinsu tashe.

Allah gafarta Malam, a nan nake son in yi magana da kai kai tsaye. Tsoron da kake ji na kada jahiliyya ta dawo ta ƙofar baya tsoro ne na gaskiya, kuma ƙasar Hausa ta taɓa samun abin da ya yi kama da tushen Halowin fiye da yadda mutane suka sani. Shi ne bikin shan kabewa na Maguzawa da 'yan bori. Da kaka ake yin sa, in kabewa ta nuna, a taru a dafa ta, a yi kiɗan garaya, a yi hawan iska. Ka ga girbi, ga kabewa, ga iskoki, duk a wuri ɗaya. Wannan kuwa Musulmin ƙasar nan sun daɗe da barinsa, kuma ba na cikin masu kiran a dawo da shi. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗauki hukuncin shan kabewa a ɗora wa tashe, wanda a cikin azumi aka haife shi, a zauren malamai ya girma, almajirai ma na cikin manyan masu yin sa.

Laifuffukan tashe na yau kuwa ban rufe ido a kansu ba. A manyan birane 'yan daba sun shiga rigarsa, suna fitowa da makamai, suna ƙwacen waya, har rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan. Akwai 'yan matan da ke kai wa tsakar dare a titi da sunan tashe. Akwai masu tare motoci a kan kwalta, abin ya koma bara tsagwaronta babu wasa a ciki. Akwai masu damun masallaci ana tarawihi. Duk wannan a gyara shi, kuma malamai da masu unguwanni su ne suka fi kowa iya gyarawa: a ƙayyade lokaci, a tsaya cikin unguwa, babba ya bi yara. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Amma in aka ce asalinsa ne ruɓaɓɓe, to an rufe ƙofar gyara, sai dai binnewa.

Ke kuma ƙanwata, ga inda maganarki ta ba ni tsoro. In tashe da Halowin ɗaya ne, to babu asara in yaro ya bar wannan ya kama wancan, tunda na Turawa ya fi ƙyalli kuma ana sayar da kayansa a kanti. Amma duba abin da kowanne ke koya wa yaro. Rigar ƙasusuwan nan kuɗi kika sa kika saya, ya sa ta awa uku, aka ɗauki hoto, aka ninke. Mu sai da muka yi kwana biyu muna neman ƙaro da tsumma, muka yi gardama kan wa zai zama tsoho, muka lura da tafiyar tsofaffin garinmu har muka iya ta, muka koyi yin sallama a ƙofar da ba tamu ba, muka koyi karɓar haƙuri in an ba mu shi, muka koyi raba gero mudu uku tsakanin mutum biyar ba a yi dambe ba. Kuma duk gidan da muka shiga an san mu, an tambayi iyayenmu.

In kuwa nishaɗin ƙarshen damina ake nema, irin wanda Turawa ke yi in ganye ya fara zuba a ƙasarsu, to ai mu ma lokacin muna da shi, kuma ya fi na kowa cika. Sunansa kaka. Wanda ya tashi a tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, a Makera ko Karofi ko Birchi ko Rawayau ko Wurma, ya san yadda gari ke sauyawa daga ƙarshen Satumba. Gero ke fara shigowa, yara na gasa tumu a bakin gona suna murzawa a tafin hannu suna hurawa. Sai roron wake, sai cirar gyaɗa, dawa kuma sai iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, mata da yara marasa gona na bin baya suna kala ba mai hana su. Cikin da ya sha wuya a watan marka ya cika. Aljihu ya yi nauyi. Daga nan sai bukukuwan aure su ɓarke, don Bahaushen ƙauye da kaka yake aure. In farin wata ya fito, 'yan mata na gaɗa a dandali, samari na langa, ƙanana na gindin tsohuwa ana tatsuniya ana ɓarar gyaɗa. Babu wanda aka bari a baya, daga jinjiri har mai furfura.

Manya kuwa nasu ya fi ƙarfi. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, kuma da kaka suke yawonsa gari-gari, don lokacin ne manomi ke da abin yi wa makaɗi da ɗan wasa kari. Na fara ganinsa a kan kafaɗar Baffa. Ina tuna yadda ɗan damben ya zauna a ƙasa ana naɗe masa hannu da zare, yana kallon wuri ɗaya ba ya ƙiftawa, kalangu na kiran sunansa, jikinsa na tsuma tun kafin ya miƙe. Turmi uku ake yi, wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, kuma minti kaɗan bayan kisan sai ka ga su biyun suna shan ruwa a kwano ɗaya. Daga irin waɗannan fagage ne sunan Shago ya cika ƙasar Hausa ta bakin mawaƙi Ɗan Anace. Kokawa kuma ta manoma ce. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauke ta da daraja har suka mayar da ita gasar ƙasa ta neman takobi tun 1975 a Tawa, kuma har yau in ana yin ta kasuwanni kan yi shiru. Mamman Shata, ɗan Musawa da ke nan kusa da mu, a dandalin ƙauye ya fara buɗe murya kafin duniya ta san shi.

Sai kalankuwa, wadda ita ce ta fi kusa da tashe a ruhi. Bayan an kammala girbi samari da 'yan matan ƙauyuka kan haɗu su kafa gwamnatin wasa ta 'yan kwanaki. A naɗa sarki, a naɗa alƙali, a samu ɗan sanda da likita, a kama mai laifin wasa a ci shi tara, manya na gefe suna kallo suna gane wanda ake nufi. Nan ma masu rai ake kwaikwaya, har da masu mulki. Ba zan wanke kalankuwa tas ba. An sha samun caca da shaye-shaye a gefenta, da cakuɗuwar da iyaye ba su yarda da ita ba, kuma akwai saurayin da ya sayar da rabin abin da ya noma ya watsar a fage cikin dare biyu. Malaman da suka yi wa'azi a kan haka sun yi gaskiya. Sai dai wake ɗaya ne ya ɓata garin, kuma wanda ya zubar da garin duka shi zai kwana da yunwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yayin da muke gardamar ko tashe Halowin ne, wani abu dabam ne ke cinye wasannin nan a yankinmu. Dare ne aka ƙwace mana. Tun da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin Rugu suka addabi Safana da Batsari da Ɗanmusa, har abin ya iso ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya bi gidaje bayan isha'i? A Satumban 2021, daidai bakin kaka, sai da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, namu biyun na ciki. Akwai ƙauyukan da manomi ke girbi yana waiwaye, ya kwashe amfanin cikin gaggawa ya kai gari, don barin dami a gona ya zama kasada. Kiɗan kalangu da dare, wanda da yake kiran mutane, yanzu tsoro ake kada ya kira waɗanda ba a gayyata ba. Akwai yaran da aka haifa cikin shekarun nan da ba su taɓa ganin dandali cike a farin wata ba.

Ita ma madatsar ruwan Zobe ta sauya lissafin lokaci, ko da yake wannan sauyin alheri ne. An kammala Zobe a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaɗuwa, bangon ƙasa mai tsawon mita 2,750, kuma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwan shanta. Ga mutanen bakin ruwa, kaka ba ta zama hutu ba kuma. Ana gama ɗaure dawa ake komawa yafa irin tumatir da albasa da tattasai, masunta na kan ruwa da komarsu. Wanda ke da fadama ba shi da sati biyun da kakansa ke ɓatarwa a yawon kallon dambe. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, na yarda. Amma sauyawa dabam, ɓacewa dabam.

Ga tsadar kuskuren da na faɗa tun farko. Uban da aka gaya wa tashe jahiliyya ce zai ji daɗi da ya mutu, ba zai nemi hanyar ceto shi ba. Uwar da aka gaya wa Halowin tashe ne za ta saya wa ɗanta fuskar roba ta ɗauka ta biya bashin al'ada. Tsakanin su biyun babu mai tambayar yadda za a yi yaran Kuki da Tsauri su sake yin wasa lafiya. Alhali hanyoyin ba su fi ƙarfinmu ba. Abin da dare ya hana, la'asar na iya ɗauka. Filin makarantar firamare na nan a kowane gari, kuma in mai unguwa da liman suka zauna a gaba, babu ɗan daban da zai matso, babu uban da zai hana 'yarsa zuwa. Ana iya ware yammaci ɗaya bayan an zuba amfani a rumbu, a yi langa da kokawar yara da gaɗa, tsofaffi su yi tatsuniya, a dafa kabewa da wake a ci don yunwa da marmari kawai. Hakimanmu, Yandaka da Maraɗi, suna da bakin da in suka kira za a amsa. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da ɗaliban da ke neman abin bincike, ga kuma tsofaffin da suka san kowane wasa da yadda ake yin sa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba a naɗi muryarsu ba.

Na koma wurin Malam da waɗannan maganganu, na zauna a ƙasa na faɗa masa kamar yadda na rubuta su. Bai ce na yi daidai ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ya yi dokin kara yana almajiri, kuma nasa ya fi na kowa kyau a tsangayarsu, don da bawon rama ya yi masa geza. Ya ce zai sake duba maganar. Ƙanwata kuma ta ce za ta kawo yaron hutun Disamba. Na sa an ware mini karan dawa masu kauri an jingine bayan rumbu inda awaki ba za su kai ba, Inna ta ce tana da tsofaffin zannuwa biyu da za ta bayar, ɗan Baffa kuma, wanda ya zama tsohonmu a 2004, ya ce shi zai ɗaura dokin da hannunsa.